Inda Tatang Yake Ƙwanƙwasawa

Ni ba na jayayya da kowa a kan bango. In ka ce lafiyarsa lau, sai in ce kawo tafin hannunka ka ɗora. Shekara talatin ina yaɓen farar ƙasa a birnin nan, kuma a hannun mahaifina na koya, Restituto Agcaoili, da nake kira Tatang, wanda duk yankinmu na Ilokos ya san cokalin gininsa. Ni ce Eufrocina, amma Manang Sinang kowa yake ce mini.

Cocinmu ya haura shekara ɗari biyu da talatin. Waɗanda suka gina shi sun san ƙasar da suke takawa. Suka yi shi gajere mai faɗin ƙugu, suka tokare shi da ginshiƙai masu kaurin ɗaki, hasumiyar ƙararrawa kuma suka kai ta tsallaken fili, don in girgizar ƙasa ta kayar da ita kada ta faɗo kan masu ibada. Fuskarsa ce suka yi wa gayu, da murɗe-murɗe kamar ƙahon rago da gurabun waliyyai. Duk jan bulo ne aka lulluɓe da farar ƙasa da yashi da dafaffen ruwan rake. Irin wannan yaɓen yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani.

Bangon arewa ne kaɗai ya fita zakka. Ina 'yar shekara sha tara ƙasa ta girgiza, ya tsage. Tatang ya ɗinke shi, ya shafe shi da siminti, domin a lokacin duk wanda bai taɓa siminti ba baƙauye ne. Ya fito sumul. Gari ya kafa allon tagulla da sunansa a jikin bangon. Tun daga nan, kowace Lahadi in an tashi ibada sai ya bi ta wurin, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya wuce. Mutane kan ce, "Tsoho yana gaisawa da ɗansa."

Ni kuwa na san kyan ɗan maciji ne. Siminti ba ya barin ruwa ya fita, bulon yana ruɓewa a bayansa. Na daɗe da sani, na yi gum, saboda ina son tsohon nan fiye da yadda nake son gaskiya. Amma bana matan da ke shara suka fara kwashe jan garin bulo a gindin bagadi kullum safe.

Da sabon fadan cocinmu, da muke kira Apo Padi, ya tara mu kan fentin bikin waliyyinmu, na miƙe.

"Apo Padi, fenti ba zai yi ba. A fasa simintin arewa, in ba haka ba damina biyu ta yi wa bangon yawa."

Manong Teofisto, shugaban kwamiti, ya kwashe da dariya. "Kun ji 'yar halak! Uba ya gina, 'ya ta zo da guduma. Sinang, in aiki ya yi miki ƙaranci, katangar aladuna tana nan."

"Aladunka sun fi ka sanin danshi, Manong."

Fada ya ɗaga hannu. "Manang, kin tabbata?"

"Ka ba ni bugu ɗaya gobe da hantsi. In bulon a bushe yake, na ajiye cokali har abada."

Ban ji ɗar a kan bangon ba ko kaɗan. Tatang nake tsoro. Na dafa masa pinakbet, miyar kayan lambu, na zauna gabansa har ya gama ci, na kwashe kwanuka ban faɗa masa ba. Shekararsa tamanin da takwas, abin alfaharinsa guda ke nan da ya rage a tsaye.

Washegari filin ya cika, har masu suyar empanada sun bar kaskonsu. Na ɗaga guduma ke nan sai na ji ƙarar sanda a kan dutse. Mutane suka dare. Tatang ne, sanye da farar rigarsa ta Lahadi.

"Sinang."

"Na'am, Tatang."

"Ina za ki buga?"

Na nuna masa gefen allon.

Ya girgiza kai. "Haka na koya miki? Kin ba ni kunya."

Teofisto ya gyara tsayuwa yana murmushi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tatang ya miƙa mini sandarsa, ya dafa bango, ya bi shi a hankali yana ƙwanƙwasawa yadda ya saba. Taku uku hagu da allon ya tsaya. Ya sake bugawa. Har na bayan taro sun ji amon, kamar an taɓa fankon ƙwarya.

"Nan," ya ce. "Shekara ashirin ke nan yana yi mini wannan kukan."

Na buga. Siminti mai faɗin ƙofa ya ɓalle ya faɗi, jiƙaƙƙen bulo ya biyo shi kamar dakakken barkono, warin danshi ya bugi kowa. Teofisto ya ja baya yana kaɗe takalmi.

Na juya, hawaye na zuba. "Tatang, me ya hana ka faɗa?"

"Sun rubuta sunana da tagulla, 'yata. Na kasa. Kowace Lahadi ina zuwa in ji ko zai jira ki."

Ya karɓi sandarsa, ya nuna sauran bangon da ita.

"Ki fasa shi duka. Kwaɓin farar ƙasar kuma ni zan tsaya a kai, hannunki ya cika zuba ruwan rake."