Zobe a Kan Harsashin Orval

Orval Brekke ba ya neman shawarar kowa a kan ɗura wa harsashi albarushi. Tun muna samari a nan Montana shi ke ɗura wa rabin mafarautan kwarinmu, kuma bakinsa bai taɓa barin mu manta ba. Shi ya sa da ya kira ni garejinsa ranar Asabar da hantsi, na ajiye gahawata ban ƙarasa ba.

“Merle, zo ka kashe kwarkwatar idonka,” ya ce, ya miƙo min harsashi. Ƙasa kaɗan da tsininsa akwai zobe da ya nutse cikin jan ƙarfen. “Ƙarfen da ke danna kan harsashi cikin kwanso ne ya ci amanata. Na goge shi, na sayi sabo, duk kanwar ja ce.”

“Ko dai hannun ne ya tsufa?”

“Tsufa ya ci gidanku. Duba min.”

Na gwada ƙarfen da wani kai, ya zauna daram. Na duba wuyan kwanson, bai matse fiye da kima ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na kai harsashin kunnena na girgiza. Irin wannan ɗurin nasa, albarushin kan yi ’yar ƙara kamar yashi a gwangwani. Wannan shiru.

Na zare kan, na juye albarushin a sikelinsa. Ya wuce iyaka, wucewar da za ta iya tarwatsa bindiga a fuskar mai harbi. Kwanson ya cika maƙil, ƙarfen na danna kan da ƙarfin tsiya, shi ya bar zoben.

“Orval, karanta min inda ka saita sikelin nan.”

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya faɗi lamba. Ba ita ba ce. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Ya ɗago kai ya ce, “Lorna.” ’Yarsa ke nan. Jiya ya ba ta kwali guda na wannan ɗurin, yau da asuba ta hau dutse farautar barewa.

Na ɗauki wayarsa na kira masa ita, na buɗe muryar yadda duk za mu ji. Ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

“Lorna! Kar ki harba! Kin ji ni? Cire shi daga bindigar!”

“Baba, lafiya? Ka korar min barewa.”

“Harsashin da na ba ki, na cika masa albarushi. Ki zubar da shi!”

Ta ce, “Baba, kwantar da hankalinka. Na kanti ne a bindigata.”

“Na kanti? Ina nawa?”

“Yana gida cikin kabad, tare da na bara. Tun ranar da na ga kana laluben tabarau alhali yana fuskarka... ban san yadda zan gaya maka ba.”

“To, na gode Allah,” ya ce. “Allah Ya ba da sa’a, ’yata.”

Na kashe wayar. Ya zauna a kan kujerarsa, ya daɗe yana murza harsashin nan tsakanin yatsunsa.

“Bara fa ta kawo min cinyar barewa,” ya ce a hankali. “Ta ce harbi ɗaya ta yi da nawa. Merle, babu wanda ban ba labarin nan ba a garin nan.”