Ƙafar Hagun Malam Kuloci

Sai a gwaji na uku Malam Kuloci ya samu ya shiga motar. Da farko ya tura ƙafa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A na biyu ya fara da kai, rufin motar ya kwashe masa hula. A na uku ya juya baya, ya saki jiki ya faɗa kan kujera kamar buhu, sannan ya shigo da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta hagun da hannu ya ɗauko ta, yana yi kamar wando yake gyarawa.

"Haka ake shiga irin waɗannan," ya ce wa Manajan wurin sayar da motocin. "Wanda bai sani ba sai ya zaci wahala ce."

"Ƙwarai kuwa, Malam," in ji Manaja, yana miƙa masa hularsa da hannu biyu.

Motoci biyu ne a tsakiyar filin, kamar tagwaye: jajaye, masu ƙofa bibbiyu da kujeru bibbiyu, cikinsu na neman shafar ƙasa. Motocin tsere ne, irin waɗanda ba sa ɗaukar kaya, ba sa ɗaukar dangi, ba sa tsallake rami. Bambancinsu ɗaya: wadda ya shiga manuwal ce, sai an taka kuloci an sa giya da hannu, ɗayar kuma otomatik.

Shekara talatin da huɗu Malam ya yi yana koyar da tuƙi, kuma ɗalibansa ne suka raɗa masa sunan, saboda daga safe har yamma kalma ɗaya ake jiyowa daga tagar motarsa: "Kuloci! Kuloci!" A bangon makarantarsa ya sa an rubuta da jan fenti cewa otomatik ba tuƙi ba ne, zama ne. Duk wanda ya zo neman a koya masa otomatik sai ya nuna masa makarantar Gajere a tsallaken titi, inda, in ji shi, ake koya wa mutum tuƙi kamar yadda ake koya wa akuya karatu. A ƙasan rubutun akwai hoton jar mota da ya yanko daga wata kalanda tun yana da baƙin gashi. Watan jiya ya sayar da makarantar. Yau ya zo ya ɗauki motar da ke cikin hoton.

Matsalar ɗaya ce, tun daminar bara gwiwarsa ta hagu ta fara bijire masa. Ya ɓoye wa kowa. Ya ɓoye har wa matarsa, wadda kowa ke kira Sista, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya a sashen ƙashi, kuma ita ke sauya masa kwalbar man zafin da yake ɓoyewa a bayan littattafai, shi kuma yana mamakin albarkar kwalba ɗaya da ta shekara ba ta ƙare ba.

Sista na tsaye a inuwa da jakarta a hammata. A kan benci kusa da ofis akwai wani bakanike da wani mai fenti, dukansu tsofaffin ɗaliban Malam, kamar yadda shi ma Manajan yake. Babu wanda ya gayyace su. Manaja ya dai buga musu waya ya ce Malam zai zo gwada manuwal, sai aiki ya yi musu ƙaranci a lokaci guda.

"Malam," Manaja ya sunkuyo ta taga ya yi ƙasa da murya, "ba don in koya maka ba. Amma yawancin masu saye yanzu waccan suke ɗauka. Tana canza giya da sauri fiye da hannun mutum."

"Hannun wane mutum?"

Na kan benci suka kwashe da dariya.

"Shi ke nan, Manaja, ka sha!" in ji bakanike. "Ka manta ranar da ya sa ka taka kuloci sau ɗari mota a kashe?"

"Ɗari da ashirin," Malam ya gyara masa. "Ya yi kuskure a lissafi, muka ƙara."

Kujera biyu ce, kuma Manaja ya rantse ba zai zauna a gefen malaminsa kamar mai duba jarrabawa ba. Don haka Sista ce ta shiga. Ta shiga a gwaji ɗaya, abin da Malam ya yi kamar bai gani ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa koya mata tuƙi, farkon aurensu. Ya kai ta hawan da ke bayan tankin ruwa, inda yake gwada kowane ɗalibi, mota ta mutu mata sau huɗu, ya ce ƙafarta ta keken ɗinki ce. Ta ja hambirki, ta fita, ta taka har gida. Daga baya ta sayi ƙaramar otomatik tana zuwa aiki da ita, shi kuma ya samu labarin da yake ba baƙi idan hira ta yi sanyi.

Ya murza makulli. Injin ya yi gurnani daga ƙasan maƙogwaro, har ƙirjinsa ya amsa. Ya taka kuloci, sai ya ji kamar bulo ya taka. Motocin makarantarsa kulocinsu ya yi laushi kamar tsohon silifa, wannan kuwa an yi shi ne don ƙafar ɗan shekara talatin. Ya cije, ya sa giya ɗaya, ya fita daga filin sumul, na kan benci suna tafi.

Mintuna goman farko sun biya shi shekarun da ya yi yana kallon kalanda. Titi a buɗe, giya biyu, uku, huɗu, kowace tana shiga da ɗan ƙas kamar an rufe akwati mai kyau. Iska ta shigo ta taga. Ya saci kallon Sista ko ta ga hannunsa.

"Kin ji? Wannan ita ce mota. Tana jiran umarni."

"Na ji," ta ce. "Kula da mai keken can."

Daga nan suka faɗa cunkoson bakin kasuwa. A taka, a saki, a matsa taku biyu, a sake takawa. A takawa ta ashirin wani abu ya fara ci masa a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa kamar garwashi. A ta talatin gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sista ta buɗe jaka, ta miƙa masa hankici ba tare da ta dube shi ba.

"Zafin injin ne," ya ce.

"Haka ne. Injin."

Hanyar komawa ɗaya ce, ta hawan tanki. Tun bayan zamaninsu an kafa fitilar ba da hannu a daidai tsakiyar hawan, kuma fitilar ta jira har suka iso sannan ta yi ja. Malam bai taɓa jan hambirki a kan hawa ba. Ya koya wa dubban mutane cewa direba na gaske da ƙafa yake riƙe mota, tsakanin kuloci da totur, ba gaba ba baya. Ya riƙe ta. Ƙafar ta fara rawa. Ya ce mata ta tsaya, kamar yadda yake ce wa ɗalibai, ba ta ji ba. Fitila ta yi kore, ƙafar ta zame, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Ya tayar, ta sake mutuwa. Ta fara gangarawa baya, ya danna birki. Hon ya kaure ta ko'ina. Wani direban bas ya zagaye su, ya leƙo ta taga.

"Baba, mota ta fi ƙarfinka! Je ka wurin Malam Kuloci ya koya maka tashi a kan hawa!"

Malam ya bi bas ɗin da kallo har ta ɓace. Sannan ya miƙa hannu ya ja hambirki. Ƙarar da ya yi ta fi masa hon ɗin duka ciwo.

"Ƙafar ta ƙi," ya ce, yana kallon sitiyari.

"Na sani. Tun daminar bara." Ta buɗe ƙofarta. "Fito."

"In fito in je ina? Wa zai..."

"Malam, mutane na jira. Fito."

Fitar ta fi shigar wuya, kuma an yi ta a gaban layin motoci. Ya zagaya yana dafa jikin motar, ya faɗa kujerar da ya shekara talatin da huɗu yana zama a kanta, ta mai koyarwa. Sista ta cire takalmanta ta ajiye a bayan kujera, ta matso da kujerar gaba, ta gyara madubi. Bakinsa ya buɗe da kansa zai ce kuloci. Kafin kalmar ta fito, ta tayar da mota, ta sauke hambirki, ta riƙe ta a kan hawan da ƙafa, ba gaba ba baya, har fitila ta sake yin kore. Motar ta haura kamar ana zuba mai a cikin kwalba. A saman hawan ta sa giya biyu, bai ma ji shigarta ba.

Ya daɗe yana kallon ƙafarta.

"Wa ya koya miki?"

"Gajere."

"Gajere!"

"Sati uku. Yana da manuwal guda ɗaya a bayan gida. Ba ya ihu."

"Yaushe?"

"Shekarar da auta ya shiga makaranta."

Auta yanzu yana da 'ya'ya biyu. Malam ya gyara zaman hularsa.

"Duk shekarun nan kina ɓoye mini."

"Ban ɓoye ba, ba ka tambaya ba. Kuma kana jin daɗin ba baƙi labarin keken ɗinki. Na ce in bar maka abinka."

Ya so ya sami kuskure ɗaya a tuƙinta, ko da riƙon sitiyari ne, bai samu ba. Sai da suka sha kwanar ƙarshe, ya hango tutocin filin motocin, sannan ya tuna da benci. Za su ga ita a sitiyari, shi a gefe. Kafin magariba labarin ya zaga duk garejin da ke garin, kuma kowane mai ba da labarin zai ƙara masa gishiri.

"Tsaya a nan mu canza," ya ce.

"Ka iya taka shi ko sau ɗaya?"

Ya gwada ɗaga ƙafar. Ta ƙi ɗaguwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya ce a ransa, ya gyara wuyan riga kamar mai shiga kotu.

Saura taku kaɗan su kai ƙofar filin sai motar ta fara tsalle. Ta yi gaba, ta dafe, ta yi gaba, kansa na bugun kujera. Giya ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A tsakiyar ƙofa, daidai inda kowa zai gani, ta mutu. Sista ta ɗauko takalmanta, ta fita, ta maida ƙofa da ƙarfi.

"Na gaya maka ba zan iya ba!" ta ce da muryar da take kiran masu jinya daga ƙarshen baranda. "Sai ka ce lallai in gwada, lallai in gwada. To na gwada! In ka sayi wannan abin, kai kaɗai za ka riƙa shigarta. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, ka kira kulocin ya kai ka asibiti!"

Bakanike ya riƙe ciki. Mai fenti ya sauko daga benci yana share hawaye.

"Haba Malam," in ji Manaja, yana buɗe masa ƙofa, "har bayan ritaya ba za ka bar Sista ta huta ba?"

Malam bai fito nan da nan ba. Kunnensa ya san ƙarar giya kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Wadda Sista ta yi, ta taɓa bakin giyar ne kawai, daidai yadda za a ji daga benci, ba yadda za ta ci haƙorin giya ko ɗaya ba. A cikin dubban da ya koyar, bai fi mutum uku da za su iya haka da gangan ba. Ya dube ta. Tana sa takalmi, fuskarta a murtuke.

Yana iya faɗin gaskiya. Ya auna gaskiyar, ya ga tsawonta, ya ga kuma Sista ta riga ta rufa masa asiri.

"Kun dai gani da idonku," ya ce, ya yi ajiyar zuciya. "Manaja, rubuta mini otomatik ɗin."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam," in ji bakanike. "Zaman iyali ke nan. Mu dai mun san ka."

"Ai ba don ni ba ne."

"Wa zai ce don kai ne?"

Da la'asar aka gama takardu. Ya shiga ɗaya jar motar da baya, yadda ake shiga irin waɗannan. Injin iri ɗaya, gurnani iri ɗaya. Ya ja ta a hankali zuwa ƙofa, Sista a gefensa, na kan benci suna ɗaga hannu. Da ya zo tsayawa ya duba titi, ƙafar hagunsa ta ɗaga da kanta, da ciwonta da komai, tana laluben abin da babu, ta nufi birki. Sista ta ɗora hannu a kan gwiwar ta maida ita ƙasa.

"Naɗe ta baya, Malam. Gajere ya ce a otomatik ƙafar hagu fasinja ce."

"Gajere bai iya tuƙi ba," in ji shi.

Amma ya naɗe ta.