Ruwan Farko

Na ɗaga tukunyar na watsar da ruwan a kan yashi. Maƙwabcinmu, dattijo Don Evaristo, yana kallona daga ragar kwanciyarsa.

"Ɗan banza! Kai da ka gudu daga aji, kai za ka koya mini magani?"

"Baba, guba ce. Ko kajinka ba sa sha."

"Kaji sun yi jami'a?"

Duk wanda ya tashi a bakin tekun Veracruz ya san waken nan da ke yaɗo a kan yashi. In kifi ya yi wuya, iyayenmu mata kan dafa shi, su zubar da ruwan farko, su sake dafawa, su sake zubarwa, sannan a ci. Tsohon nan maƙwabcinmu ya fi kowa sani.

Amma bara wasu 'yan jami'a suka zo suna tsinkar ganyen da 'ya'yan suna cika jaka. Ya tambaye su. Wata yarinya a cikinsu ta yi murmushi ta ce akwai sinadarai a ciki masu kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta ce masa a ɗakin gwaji ne kawai suke kashe su ba, cikin kwalba. Suka ɗauki hotonsa, suka tafi abinsu.

Shi kuwa ga ciwon sukari, ga gyambo a ƙafa. Ya zauna ya yanke hukunci shi kaɗai: ashe shekara da shekaru maganin muke zubarwa. Ya daina zuwa asibiti, ya koma shan ruwan farko. Yana sha yana amai, yana cewa cutar ce ke fita.

'Yarsa Herminia ta fito daga kicin tana share hannu.

"Lencho, rabu da shi. Ka zubar, zai aika jikokinsa su tsinko wani."

"Yaya, ba kya jin warin ƙafar nan? Sai ta ruɓe a gabanki?"

Ta juya baya. Ta koma kicin.

Ranar da ya kasa tashi, ban tambayi kowa ba. Na tare motar kifi don mu tafi asibiti, na ɗauke shi kamar yaro na sa a baya, tsakanin akwatunan ƙanƙara. Bai zage ni ba, wannan ya fi tsorata ni.

Mun wuce gonakin rake ya buɗe ido.

"Lencho."

"Na'am, Baba."

"In yarinyar nan ta dawo, ka tambaye ta kofi nawa ake sha. Ina jin ni ne ban auna daidai ba."

Na buɗe baki in ce uwarta, in ce ba za ta dawo ba, ko sunansa ba ta riƙe ba. Na haɗiye.

"To, Baba."

Kafin mu kai wata gada numfashinsa ya tsaya. Ban ƙwanƙwasa wa direba ba. Hanyar duk gargada ce, na ci gaba da riƙe ƙafar a cinyata don kada ta bugi ƙarfe.