Gangarar Kwahu da Inji a Kashe

Shekara arba'in da bakwai na yi riƙe da sitiyari, babu motar da ta taɓa kunyata ni sai wannan da ba ta da kuloci. Ku je tashar Nkawkaw ku tambayi wane ne Ntim, ko mai tallar burodi zai ba ku labari. Ni ne na faɗa kogin Pra da mota cike da buhunan koko, na fito da hulata a kaina. Shekarar da aka yi yunwa da gobarar daji, ta tsakiyar wuta na ratsa da fasinja talatin, ko gashin girar mutum ɗaya bai ƙone ba. Ban taɓa zama a aji ba, takarda ma da babban yatsa nake dangwala mata, amma in inji ya yi tari daga nesa sai in faɗa maka abin da ke damunsa.

Gwiwata ta hagu ce kaɗai ta ci amanata. Motar katako ce ta matse ta a hanyar Kumasi. Likita ya ce ba zan sake takawa ba, na taka, har na yi rawa a jana'izarsa. Amma da tsufa ya zo sai ta fara ƙagewa in na danna kuloci. Bara muna hawan dutse za mu gida Mpraeso, ta ƙage mini a kwana ta uku, tsohuwar motata ta yi baya-baya ta jingina da bishiya. Babu wanda ya ji ciwo. Matata Dansowa, wadda nake kai wa tukwanen ƙasa kasuwa, ko ƙura ba ta karkaɗe ba ta buga wa 'yarmu waya.

Oforiwa ma'aikaciyar jinya ce a Tema, bakinta irin na uwarta. Bayan sati uku sai ga ta da wata mota ruwan toka, fes da ita, otomatik.

"Agya, babana, wannan ba ta buƙatar ƙafar hagu," in ji ta. "Amma ka saurare ni. Ranar da na ji ka yi mata ganganci, zan karɓe makullin, ka zauna a gida ka riƙa watsa wa kaji masara."

Na san abin da zaman gida yake yi wa direba. Abokina Boakye ya rataye makulli a watan Ista, kafin Kirsimeti mun binne shi. Saboda haka na ce na ji.

Oforiwa ta kama hannuna ta ɗora a kan sandar giya, ta nuna mini wurin ajiyewa, wurin baya, wurin gaba. Akwai wani wuri a tsakani da ba ta ambata ba. Kwana biyu na gano shi da kaina: firi ne.

To, duk direban da ya koyi tuƙi a zamaninmu ya san yadda ake sauka daga dutsen Kwahu. Kana wuce Atibie sai ka sa a firi, ka kashe inji, ka bar gangara ta kai ka har gindin dutse. Don me za ka ƙona fetur a inda Allah da kansa yake tura ka? Haka maigidana ya koya mini, haka na yi da babbar motata Bedford, haka na yi da duk motar da na taɓa riƙewa. Wannan ma haka na riƙa yi mata, Litinin da Alhamis, duk ranar da muka sauka da tukwane.

"Ntim, kunna injin nan," Dansowa za ta ce, tana riƙe da ƙofa.

"Ke da kika san yumɓu, me kika sani a inji?"

"Na san jiya ka ce burki ya yi tauri."

"Ya yi tauri ga mai ƙafar kaza. Dubi ta damana, kamar turmi."

Wata biyar kacal motar ta yi. Da farko in na sa ta gaba sai ta tsaya tana tunani kamar an aike ta inda ba ta so, can sai ta zabura. Daga baya ta fara wani wari irin na shinkafar da ta kama. Ranar wata Alhamis muna komawa gida, a farkon hawa, na taka mai, inji ya yi ta ihu, mota ko motsi. Ni Ntim, a tsakiyar titi, 'yan tasi suna zagaye ni suna danna oda! Wani mara kunya ya leƙo ya ce, "Opanyin, dattijo, a turo ka ne?" Na ce ya je ya tura ubansa.

Aka ja ta zuwa garejin Asiedu. Asiedu ɗan wani tsohon karen motata ne, na san shi tun yana yawo ba wando, yanzu ya yi tumbi ana ce masa masta. Ya zaro ƙarfen auna man giya, ya goga a tafinsa, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Opanyin, man nan ja ya kamata ya zama. Dubi, baƙi ƙirin. Giyar ta ƙone ƙurmus."

"Dama na faɗa, kayan yanzu kwali ne."

"Irin wannan giya tana shekara goma ba a buɗe ta ba. An taɓa ɗaure motar da igiya an ja ta tafiya mai nisa?"

"Sai yau, kuma daga can zuwa nan ne."

"To kana kashe inji a gangara?"

"Ni?"

Dansowa ta yi tari. Na harare ta, ta juya tana kallon wata tsohuwar taya.

"Na tambaya ne kawai," in ji Asiedu, yana goge hannu. "A irin wannan mota inji ne yake juya famfon da ke zagaya da mai a cikin giya. In ka kashe shi taya na gudu, kayan ciki sai su yi ta cin juna a bushe."

Raina ya ɓaci. Wane irin mahaukaci ne zai ƙera giyar da ba ta iya sauka gangara sai an shayar da ita? Na ce masa ya fitar da wannan shirgin ya jefar, ya sa mini giyar hannu da kuloci kamar ta mutanen kirki. Ana yi, na ga an yi wa motoci da yawa. In ya gama kafin ƙarshen wata, Oforiwa ba za ta ji komai ba sai ta zo ta tarar.

Asiedu ya dubi gwiwata. Ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura da ke gefe.

"Opanyin, shiga can ka danna mini kuloci sau ashirin. In ka cika, gobe zan fara."

"Ashirin? Ni da na yi Bolga zuwa Takoradi ban sauka ba?"

Na shiga. Ɗaya, biyu, uku, lafiya lau. A na shida na ji kamar an soka mini ƙusa. Na ciji leɓe na yi na bakwai. A na takwas gwiwar ta ƙage, ƙafa ta ƙi sauka ta ƙi tashi. Sai da Asiedu ya rungumo ni ya fito da ni kamar buhun rogo, Dansowa na riƙe da takalmina. Na gaya musu kulocin motar ne ya yi tsatsa.

A tasi muka koma gida. Muna hawa na ce wa Dansowa, "In yarinyar nan ta tambaya, giya ce ta mutu da kanta."

"Ni ba zan yi ƙarya ba."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki yi shiru. Ko kina so ki riƙa ɗora tukwanenki a saman bas, su isa kasuwa a farfashe?"

Ta yi tsaki, amma ta yi shirun.

Labari bai ɓuya ba, ranar Asabar Oforiwa ta iso, ta ce mu haɗu a garejin. Asiedu ya riga ya sauke giyar ya buɗe ta a kan tebur, faya-fayan ciki duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Na riga na ja shi gefe na tuna masa wanda ya koya wa ubansa tuƙi, saboda haka da ta tambaye shi sai ya riƙa kame-kame.

"Anti, abubuwa da yawa suna kawo haka. Zafi, tsohon mai, wani lokaci daga ƙasar waje aka kawo ta da ciwonta."

"Maame, ke fa? Kina cikin motar kullum."

"Ni tukwanena nake kallo," in ji uwarta.

Na ji daɗi har na gyara zama a kan benci. Oforiwa ta daɗe tana duban faya-fayan nan. Sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Shi ke nan, laifin wanda ya sayar mini ne. Wani direban asibitinmu ya ce wai ƙila ana kashe inji a gangara ne. Na yi dariya. Na ce masa ka san dutsen Kwahu kuwa? In inji ya mutu, taka uku burki ya zama dutse, sitiyari ya yi nauyi. Ko saurayi mai jini a jika ba zai kai ƙasa da rai ba, balle babana, ɗan shekara saba'in da huɗu, mai gwiwa ɗaya. Da can dai an ce ya iya. Yanzu ina!"

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Yanzu ina? Wa ya gaya miki? Litinin da Alhamis, wata biyar, daga Atibie har gidan man da ke ƙasa, ko sau ɗaya ban kunna ba! Da tukwane sittin a baya, ko guda bai tsage ba! Tambayi uwarki! Ki kawo direban asibitin naku ya gwada ko kwana ɗaya, in bai jiƙa wandonsa ba..."

Asiedu ya sa kansa a cikin wani inji yana girgiza don dariya. Dansowa ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ni na yi shiru," ta ce. "Asiedu ya yi shiru. Kai ne dai bakinka ba shi da burki."

Oforiwa ta miƙo tafin hannunta. Babu wani direban asibiti, daga baya na gane. 'Yar da na goya a kujerar Bedford ce ta ɗana mini tarko, na kuma shiga da ƙafata mai lafiya. Na zaro makullin na ajiye mata. Boakye ya faɗo mini a rai.

Oforiwa ta juya makullin a hannunta. Uwarta ce ta yi magana.

"In ya zauna a gida ni zai kashe da surutu kafin shi ya mutu. Kawo nan."

Dansowa ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta.

Cikin sati biyu Asiedu ya sa wata giyar, otomatik dai, da sabon mai ja. Motar tana tafiya, ni nake tuƙa ta, kowa a tasha ya gani. Amma makullin a zanin Dansowa yake kwana. Ba na fita sai da ita, ko aski zan je. Kuma muna wuce Atibie sai ta miƙo hannu ta dafe sandar giya, idonta a kan yatsuna, har mu kai ƙasa. Inji yana ta gurnani yana shan fetur a banza, a gangarar da ko jaki ka ɗora a kan allo zai sauka kyauta.

Litinin da ta wuce na ce mata, "Ki ɗage hannun mana, sanda za ta yi zafi."

Ta ce, "Tuƙa, Ntim. Ga kwana."

Kamar ni za a nuna wa kwana.