Arzika da Na'ura Mai Maɓalli

"Baba, shafawa aka yi, ba dannawa ba," in ji Gazali, dillalin na'urorin POS, yana kallon Arzika na murza gilashin wata na'ura da babban yatsa kamar mai gwada taushin nama.

Gilashin bai ko motsa ba, sai shatin maiƙo da ya bari a kai.

"Wagga ba ta san ni ba," in ji Arzika. "Kawo man mai maɓalli."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Ƙofar Rini, kuma ni yake ja duk inda za a karanta boko. Ranar ma ɗinkin mutane na bari na biyo shi. Arzika a bakin tukubar balangu ya yi furfura. Tun da takardar kuɗi ta yi wuya mutane suka koma biya da katin banki, masu sayen namansa suka fara tsallaka titi wajen wani sabon mai tsire da ya girke na'ura kusa da kwanon yaji. Naman wancan, wallahi, sai ka yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. Amma mai yunwa da kati a aljihu ba ya tsayawa tarihi. Kullum Arzika da ragowar nama yake komawa gida.

Iri uku Gazali ke sayarwa. Ga mai gilashin nan, ga wata 'yar ƙarama da sai an haɗa ta da babbar waya, alhali wayar Arzika mai tocila ce. Mai maɓallin kuwa ta ƙare, wai tana hanya daga Legas.

"Ka ɗauki mai gilashin, ka riƙa goge hannu," na ce masa.

"Mansur, mi kac ce? Ina yanka, ina yaji, ina juyi. In tsaya shahe hannu nama shi ƙone?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Muka tsaya a kan mai maɓalli. Sai Gazali ya ce dole a buɗe asusu a banki, a ɗauki zanen yatsu. Nan aka yi ta. Wuta da gishiri sun cinye zanen hannun Arzika tas, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Aka ce ya jiƙa, ya jiƙa. Aka ce ya hura, ya hura. Daga ƙarshe ma'aikaciyar ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, ya je ya huta da taɓa wuta har zanen ya dawo.

Na ɗauka zai yi tsaki ya watsar. Ashe rufe tukubar zai yi. Mutumin da ko ranar Salla sai ya hura wuta, ya koma zaure yana zaune da hannuwa a kan gwiwa, matarsa Murja na shafe masa su da man kaɗe safe da yamma. 'Yan tsirarun masu sayen da suka rage masa suka zo, suka ga toka, suka tsallaka su ma.

"Ka buɗe mana, ko rabin rago ne," na ce. "Kana kashe kasuwar da kake son cetowa."

"Bari dai inji shi iso. Duk suna dawowa."

Mun koma bankin har na daina gaishe da mai gadi. Ranar da ƙaramin yatsansa na hagu ya kama a na'urar bankin, rana ake yi irin wadda ke narka kwalta, mun sha layi tun hantsi. Ya fito yana ɗaga yatsan yana dariya. A kan hanya ya ce kansa na sarawa. Kafin La'asar ya faɗi a tsakar gida, kafin a sami mota rai ya yi halinsa. Na yi kuka, kuma rabin kukan na takaici ne.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga Gazali da kwalin na'ura mai maɓallin a hammata, yana fara'a. Da ya ga tabarmi sai fara'ar ta ɗauke. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce a hankali sai dai a mayar, tunda mai asusun ba ya raye.

"Kunna ta tukuna," na ce.

Ya ɗora ta a gefen tukubar da ke nan ƙofar gidan ya kunna. Maɓallan manya ne, baƙaƙe, irin waɗanda hannu mai maiƙo zai danna ba gardama. Sunan Arzika ya fito a sama.

Wani mai babur da ke zuwa daga Wamakko sayen balangu ya taka birki, bai lura da zaman makokin ba. Ya zaro kati yana murmushi.

"Alhamdu lillahi, Baba ya yi inji! A yanko man na ƙirji."

Na'urar ta ɗan jira a kan tokar mai sanyi, sannan haskenta ya dushe.