Amin a Gidan Kallon Mas'ud

In daga bakin Fasto Ɗanjuma za ka ji, shi mutum ne mai haƙuri. In ka tambayi matarsa Azumi kuwa, za ta ce maka haƙurin nan yana ƙarewa duk ranar Lahadi da yamma, lokacin da yake zama a ƙaramar majami'arsu ta bayan kasuwar Dutsin-Ma yana jiran zumuntar matasa. Bencina a jere, fanka tana juyawa, ƙofa a buɗe. Ba mai shigowa sai Gogo, tsohuwar da ke share wurin, ita ma tsintsiyarta take zuwa ɗauka.

Matasan ba ɓata suka yi ba. Kowa ya san inda suke: gidan kallon ƙwallo na Mas'ud, wata rumfar kwano a hanyar jami'a. Abin da ya fi ci wa Fasto rai shi ne, mai bencin gaba a can ɗansa ne na cikinsa, Habila, ƙato da gemunsa, mai gyaran waya a kasuwa. Ko sujadar safe yanzu sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ya lafe a baya, ana addu'a bakinsa a rufe. Uban ya manta rabon da ya ji yaron nan ya ce amin.

Kada a ce Fasto bai yi ƙoƙari ba. Ya je taron fastoci a Kurfi, inda wani baƙo daga Kaduna, mai kwat da turare, ya wuni yana gaya musu cewa dole ikilisiya ta bi matasa inda suke, kuma inda suke shi ne cikin waya. Fasto ya dawo da zafinsa ya buɗe zaure a WhatsApp, ya zuba su duka a ciki. Sai dai saƙon muryarsa, kamar wa'azinsa, ba ya da ƙarshe. Mutum ya danna, ya ci tuwo, ya wanke hannu, Fasto yana kan gabatarwa. Cikin mako guda suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da Gogo, wadda jikarta ta saka ta ciki ba ta ma sani ba.

Da zamani ya ƙi, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya hau bagade ya yi wa ƙwallo wankin babban bargo, ya kira ta gunkin wannan zamani, ya kawo dalili na farko, na biyu, har mata suka fara leƙa ƙofa saboda tukwanen da suka bari a wuta. Ranar Habila bai ci abinci a gida ba. Bayan kwana biyu ya gaya wa uwarsa wani abokinsa ya yi masa tayin shago a Kaduna, kuma yana tunanin tafiya.

Lahadin da ta biyo, Fasto ya zauna a majami'a har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tashi ya koma gida ya ɗauki makullin babur, rai a ɓace.

"Ina za ka, Baban Habila?" Azumi ta tambaye shi daga bakin murhu.

"In tai in kwaso su. Da kunne zan jawo shi gaban kowa."

"To ka ji ni da kyau. In ka kunyata yaron ga gaban abokanshi, gobe da sahe yana tasha. Kai ka sani, ni na sani."

"Wato in zura mashi ido?"

"Ni dai na gaya maka."

Ya buga babur ya fita. Duk hanya yana tsara abin da zai faɗa, kuma gaskiya ya tsaru, har yana jin daɗin wasu wuraren. A ƙarƙashin fushin kuwa tsoro ne fal cikinsa, don ya san Azumi ba ta faɗin abu a banza.

Tun daga nesa ya ji ƙarar janareta da hayaniya. Ya jingine babur, ya ɗaga labulen buhu ya shiga. Zafi da warin gumi suka tare shi. Ɗalibai, 'yan acaɓa, ma'aikata da hulunansu a gwiwa, kowa ido a kan talabijin, ba wanda ya ko waiwayo. Shi da ya saba in ya shiga wuri a miƙe a gaishe shi, sai ga wani yana ce masa, "Malam, ka tare mamu." Ya matsa gefe ya haɗe rai, yana laluben ƙeyar ɗansa a cikin duhu.

Kafin ya gano ta, alƙalin wasa ya busa hutun rabin lokaci. A daidai nan aka kira la'asar a masallacin tsallaken titi. Mas'ud yana da al'adarsa da kowa ya sani: in wasa ya zo hutu a lokacin salla, kashe janareta yake yi, man ya huta, mutane su tashi. Ƙarar ta ɗauke. Aka ɗage buhunan ƙofa haske ya shigo, jama'a suka yi waje suna neman butoci suna gardamar bugun da aka ɓarar.

Rumfar ta zama wayam, sai 'yan tsirarun da suka rage a kan benci. Fasto ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai kaɗa ganga a majami'a, ga ɗan ma'ajin ikilisiya, ga tagwayen nan 'yan ƙauyen Dabawa da aka ce masa karatu ya yi musu yawa. Ga Habila a gaba. Zumuntar matasa ce cif, ba wanda ya yi fashi, abin da bai taɓa gani a majami'a ba.

Mas'ud ya zo wucewa yana naɗe hannun riga, ya gan shi ya rusuna.

"A'a, Fasto, yau kai ne a wurinmu? Sannu da zuwa. Wallahi gara da ka zo. Kullum in muka tashi salla, waɗanga naka sai su zauna suna latsa waya kamar ba su da Ubangiji. Ga su nan, ka ja naka, mu za mu ja namu. Amma da mun sallame zan tada inji."

Ya fice abinsa. Fasto ya tsaya da faɗan da ya ɗauko tun daga gida cike da baki. Habila ya sunkuyar da kai, wuyansa ya sandare, irin na wanda ya riga ya yanke shawara yana jiran a ba shi dalili. Uban ya san wannan wuyan, don nasa ne.

Ya haɗiye faɗan. Da ƙyar ya wuce.

"Ku aje wayoyin nan," ya ce. "Mu yi addu'a."

Suka ajiye, don mamaki ya hana su musu. Ya fara a hankali. Ya gode wa Allah saboda rai da lafiya, ya roƙa wa masu karatu buɗi, masu sana'a albarka. Murya ta fara warwarewa, ya ji abin yana zuwa masa yadda yake so. Ya ce akwai abubuwa uku da zai kawo gaban Ubangiji game da samarin nan. Ya shiga na farko, ya yi masa shimfiɗa mai kyau, yana shirin shiga gundarin maganar ke nan, sai janareta ta yi tari a bayan rumfa ta kama. Talabijin ya kawo, mai sharhi ya cika wurin da Turanci.

"Amin," in ji Habila, da ƙarfi, sauran suka amsa.

Fasto ya buɗe ido cike da takaici. Ko na farkon bai gama ba. Shekara da shekaru yana wa'azi, ba a taɓa katse shi da inji ba. Kuma ya rasa gane amin ɗin nan, ta Allah ce ko ta janareta.

Jama'a suka fara dawowa da ruwan alwala a gemu, kowa yana neman wurinsa. Fasto ya juya zai fita. Habila bai dube shi ba, idonsa na kan wasa, amma ya matsa gefe a bencin gaba, ya sa tafin hannu ya tare wurin don kada wani ya zauna.

"Baba, ka zauna mana. Kana tare ma mutane."

Fasto Ɗanjuma ya dubi gunkin wannan zamani, ya dubi hannun ɗansa a kan katako. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna.