Kunnen Evert da Motar Batir

Shekara talatin da ɗaya Evert Sandell yana tsaye a ƙarshen layin haɗa motoci a masana'antar garinsu, aikinsa saurare. Zai dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya ce wannan lafiya, wancan a mayar. Mota ba ta fita sai ya sa hannu, kuma bai taɓa kuskure ba, in ji shi.

Sai ga wata safiya an turo masa motar gwaji ta farko mai aiki da batir. Ylva, injiniyar da ta shekara uku tana aiki a kan motar, ta miƙa masa makulli. Ya murɗa, shiru. Ya sake murɗawa.

"Ta mutu," in ji shi.

"Tana aiki fa, Evert. Taka totur ka gani."

Ya taka, mota ta sulale gaba kamar ɓarawo, har sai da ya riƙe kujera. Ya fito ya buɗe gaban, ya rasa inda zai ɗora sukudireban. Wayoyi ne kawai da wani akwati. Can sai ya ji wani siririn fito, kamar kukan sauro, daga wajen hagu. Ransa ya yi fari, ashe dai akwai abin da zai faɗa.

"Ba zan sa hannu ba. Tana fito."

"Ni ban ji komai ba."

"Yo ina za ki ji? Ku a takarda kuke jin mota."

Kwana uku ana kwance mota ana ɗaurawa. An canza waya, an canza fanka, Evert ya zo ya karkata kai ya ce fiton yana nan. Wata rana a hagu, wata rana kamar a ƙarƙashin kujera. Shi kansa abin ya fara ɗaure masa kai. A wajen shan kofi abokinsa Folke ya tura masa burodin kirfa yana tsokana: "Malam mai kunne, ko dai ƙudan zuma ne suka yi gida a ciki?" Evert bai yi dariya ba.

Ran Juma'a Ylva ta kira shi, ma'aikata sun kewaye motar. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya rufe ido. Ga fiton nan tar, ya ma fi na jiya ƙarfi.

"Kun ji ko? Yanzu ma kurma zai ji!"

Folke ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ylva ta matso, ta rage murya.

"Evert, tun safe muka cire batirin. Ga shi can a kan benci."

Ya dubi bencin, ya dubi motar. Ya fito a hankali, ya ratsa ta cikinsu har tsakar fili, inda dusar ƙanƙara ta rufe komai, ba inji ba mutum. Ya toshe kunnuwansa da tafin hannu biyu. Tsoro ya kama shi, don fiton yana nan.